Ranar da Cleto Ya Aro wa Ɗansa Uba

Duk Consuelo babu wanda bai san Anacleto Peguero ba, ba don ya taɓa yin wani abin a zo a gani ba, sai don ba ya bari a manta da shi. Ɗan acaba ne, gajere, kakkaura, mai ƙafar baka. In ya tsaya a mararraba sai ya karkata babur gefe kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Amma in ana maganar baki, to nan kam babu mai tsawonsa a garin.

Asalin abin, shekarun baya ya taɓa ɗauko wani wakilin ƙungiyar Amurka ta besbol, wasan ƙwallo da sanda, daga tashar mota zuwa filin wasa. Tafiyar ba ta kai a shanye kofi ɗaya ba, kuma mutumin waya yake ta amsawa har suka isa. Amma tun daga ranar Cleto ya zama masani. Yaro ya wuce da sanda a kafaɗa, sai ya kanne ido ɗaya ya ce, "Wannan ba zai kai ba, dubi wuyan hannunsa." In ka ce masa wa ya faɗa, sai ya dube ka da tausayi ya ce, "Ni da na yi aiki da su?"

Abin haushin shi ne, Allah ya ba wannan mutum ɗa na gaske. Wilkin ɗan shekara sha shida ne, shi ne mai tsugunawa bayan mai bugu, fuska cikin ragar ƙarfe, yana cafe duk abin da mai jifa ya jefo. Kecha muke ce musu. Yaron ba shi da surutu, uwarsa ya biyo, amma in ya miƙe ya harba ƙwallo zango na biyu, ɗaya daga wuraren tsayawa huɗu da mai bugu ke zagayawa da gudu, sai ka ji safar mai cafewa ta yi ƙara har bakin titi. Tun yana ƙarami yake bugun murfin kwalba da sandar tsintsiya a bayan gonar rake, kuma burinsa ɗaya ne a duniya: wata ƙungiya ta ɗauke shi zuwa makarantar horonta. A nan kuwa in yaro ya wuce sha shida bai samu shiga ba, wakilai sukan fara kallonsa kamar tsoho. Wilkin dai jikin uban ya ɗauko sak, gajere, kakkaura, ƙafar baka.

Ranar da mai horar da yaran ya aiko cewa wani wakili zai zo Asabar musamman don ya ga Wilkin, kuma ya ce a zo da iyayensa, Cleto yana kantin Chichí ana buga domino. Nan take ya miƙe tsaye, ko da yake tsayuwar ba ta canza wani abu ba sosai.

"Kun ji ko? A zo da iyaye. Ku ba ku san dalili ba, ni na sani. Wakili ba yaron yake kallo ba. Yaro ɗan sha shida ɗanye ne, bai gama fitowa ba. Uban yake kallo. Tsawon uba, faɗin kafaɗar uba, girman takalmin uba. Abin da uba yake yau, shi yaro zai zama gobe."

Chichí ya ajiye ɗan domino a hankali, ya dube shi daga hula zuwa takalmi, wanda bai ɗauke shi wani lokaci ba.

"To ai kuwa Wilkin ya shiga uku, abokina."

Teburin ya fashe da dariya. Tatica mai suyar ƙosan rogo a bakin kantin har da riƙe ciki. Cleto ya koma ya zauna. Maganarsa ce ta kama shi, kuma ya yarda da ita fiye da kowa.

Washegari ya kai takalmansa wurin mai gyara, ya sa aka liƙa musu yankan tayar mota hawa uku. Ya saka, ya ɗora doguwar hula, ya fito yana tafiya kamar mai tsallake kwata. A ƙasa dai abin ya yi ɗan kyau. Matsalar ta zo da ya hau babur, domin takalmin ya ƙi shiga ƙarƙashin giya. Ya taho ta gaban kanti da niyyar a gan shi, aka kuwa gan shi, yana ta harbin giya babur na kuka, har ya wuce kanti ya wuce Tatica ya shige kwatar da ke bayan teburinta. Hular ce kawai ta tsira.

Matarsa Casilda tana goga masa magani a gwiwa ta ce, "Na zo na same ka a kwance, Cleto. Ko a kwancen ma ba ka da tsawo."

"Ke dai ba ki san harka ba. Wannan gwaji ne."

"Gwada hankali kuma sai yaushe?"

Da a ce ya tsaya nan, da an yi dariyar mako guda an manta. Amma da yamma yana zaune ƙofar gida yana jinyar gwiwa, sai ga Nemesio mai kwakwa ya turo amalankensa. Nemesio dogo ne na ban mamaki, irin wanda mata ke kira ya ciro musu shanya in iska ta kai ta kan rufi. Hannunsa ɗaya na riƙe kwakwa biyu. Mutum ne mai sanyi, mai jinkirin magana, mai saurin ci. 'Ya'yansa mata ne zalla, kuma kowa ya san yadda yake tsayawa bakin fili yana kallon yaran mutane suna wasa. Matarsa Fidelina, wadda ita kaɗai yake tsoro a duniya, ta tafi La Romana wajen ƙanwarta da ta haihu.

Cleto ya dube shi, ya ci gaba da dubansa har wuya ya ƙage, sai idonsa ya yi haske.

"Nemesio! Zo nan, maƙwabci. Kana son ɗa namiji?"

Nemesio ya tsayar da amalanke ya yi dogon tunani. "Fidelina ta ce ta gama."

"Ba na haihuwa ba, na aro. Zuwa Asabar kawai. Ba abin da za ka yi sai tsayuwa. Ka iya tsayuwa?"

"Na iya."

"Shi ke nan. Abincinka kuma a gidana."

Wannan ƙarshen ne ya gama cinikin.

Da Casilda ta ji shirin, ta ajiye ludayi ta goge hannu a hankali, abin da duk mai hankali zai gane alamar hadari ce.

"Tsaya in gane. Za ka tsaya gaban jama'a ka ce ɗan da na haifa a gidanka na mai kwakwa ne?"

"Gaban baƙo ɗaya kawai."

"Ka san me hakan ya mayar da ni?"

"Uwar babban ɗan wasa! Ke ba kya hangen nesa. Ni zan zama manajansa, ka ga ni zan yi magana, shi ya yi tsawo. Kowa da aikinsa."

Ta ɗauki ludayinta. Sannan ta yi wani murmushi da bai kai ido ba ta ce, "To. Yadda ka ce, manaja."

Da aka zo cin abinci Cleto ya fara gane ma'anar murmushin. Nemesio ya sunkuyo ya shigo, Casilda ta nuna masa kujera mai lilo, wadda ko kyanwa ba ta isa ta hau ba in Cleto na gida. Ta zuba masa shinkafa da wake da cinyar kaza. Sannan ta kankare ƙanzon tukunya, ƙanzon da Cleto ke cewa don shi ya yi aure, ta juye shi duka a kwanon baƙo.

"Casilda, ƙanzona!"

"Ƙanzo na uban gida ne. Manaja ya ci fari."

Nemesio yana tauna ya ce, "Allah ya saka, Doña Casilda. Wilkin, ɗana, miƙo min ruwa."

"Ba yanzu za ka fara ba," in ji Cleto. "Sai Asabar."

"Ai gara in saba," in ji Nemesio.

Wilkin dai abincinsa yake ci, har sai da uban ya zo kan maganar albarka. A garinmu yaro ba ya fita gida, ba ya shiga fili, sai ya rusuna gaban ubansa ya ce, "Albarka, Baba," uban ya dafa kansa ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Wilkin bai taɓa saka ragar fuska ba tare da wannan ba.

"Ranar Asabar wajen Nemesio za ka je," in ji Cleto. "Da ƙarfi, yadda wakili zai ji. Gwada mu gani."

Nemesio ya goge hannu a wando ya ɗaga shi, fuskarsa cike da murna.

Wilkin ya miƙe. "Don Nemesio, ka yi haƙuri, ba raini ba ne." Ya juya ga uban. "Baba, zan yi shiru tunda ka ce in yi shiru. Amma albarka ba a aronta. In kai ba ubana ba ne zuwa Asabar, to zuwa Asabar ba ni da mai sa min."

Ya ɗauki jakarsa ya fita. Kwanakin da suka biyo haka yake wucewa ta gaban Cleto da safe, ya ce ina kwana kamar yadda ake ce wa maƙwabci, ya tafi fili. Hannun Cleto yakan ɗaga da kansa, sai ya wayance da sosa ƙeya. Abin ya ci masa rai ƙwarai, amma da ya faɗa gara ya sake shiga kwata.

Saura 'yan unguwa. Cleto ya san wakilai na tambayar mutane, don haka ya tara su a kantin Chichí ya yi musu darasi.

"In an tambaye ku wa ya haifi Wilkin?"

"Nemesio!" suka amsa kamar 'yan makaranta.

"Ni fa wane ne?"

"Wani ɗan gajeren mutum," in ji Chichí.

"Manaja! Kuma ko ni na zo da bakina na ce ni ne ubansa, kada ku yarda, domin wakilan nan suna da dabara, suna iya sa ni in gwada ku."

"Wannan kam mun yi maka alkawari," in ji Chichí, yana share hawaye.

Tatica ta juya ƙosai a mai ta ce, "Ni fa dama tun ranar suna na ce kunnen yaron nan ba na Peguero ba ne."

"Ke Tatica, wasa ne fa!"

"Ai na sani, maƙwabci. Wasa ne." Ta kanne wa matar da ke kusa da ita ido. Kafin rana ta faɗi labarin ya zaga unguwa, kuma a hanya kalmar wasa ta faɗi ba wanda ya tsinta.

Ranar Asabar filin ya cika. Har waɗanda ba su damu da besbol ba sun zo, wasu da kujerunsu. Cleto ya sako kwat ɗin aurensa, wanda aka ɗinka lokacin da cikinsa bai san duniya ba. Nemesio ya sha farar riga, ya tsaya bayan ragar da ta shinge fili kamar falwaya, Casilda a gefensa da lema, tana kai masa kusan gwiwar hannu.

Wata farar mota ta tsaya. Mutum biyu suka fito: wani dogon saurayi mai baƙin tabarau da jaka a kafaɗa, da wani gajeren dattijo mai tsohuwar hula, yatsunsa a karkace kamar citta. Cleto ya ruga, ya kama hannun dogon da hannu biyu.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe! Ina ganinka na gane ka, mu 'yan harka ba ma ɓoyuwa ga juna." Ya waiga ga dattijon. "Kai direba, matsar da motar inuwa, sannan ka samo wa maigidanka kujera."

Dogon ya zare hannunsa a hankali. "Ni jaka nake ɗauka. Ga Don Ulises nan, shi ne wakilin."

Wani a cikin jama'a ya yi tari irin na mai haɗiye dariya. Dattijon ya dubi Cleto ido cikin ido, abin da bai yi masa wuya ba tunda tsawonsu ɗaya.

"Kai ne wa?"

"Manajan yaron. Na san kai ne mana, gwada yaronka nake."

"Madalla. Ina kechan?"

Wilkin ya ɗaura sulken ƙirji da na ƙwauri. Da ya zo saka ragar fuska sai ya ɗan tsaya, ya dubi inda ubansa yake, ya kau da kai ya saka. Cleto ya sosa ƙeya.

Yaron kuwa ya yi wasa. Duk ƙwallon da ta faɗi ƙasa ya tare ta da ƙirji, ba wadda ta wuce. Don Ulises ya fito da agogon awo ya ce ya harba zango na biyu. Ya harba, dattijon ya dubi agogo, ya ce a sake. Ya sake, dattijon ya tura hula baya. Aka ba shi sanda, ya maka ƙwallo biyu cikin rake. Sai a gudu ne ya yi nauyi, amma wannan ba wanda ya yi mamaki, da irin ƙafafun nan.

"Ina iyayen?" in ji Don Ulises.

Cleto ya buɗe hannu kamar mai buɗe sabon gini. "Ga mahaifiya. Ga kuma mahaifi. Duba da kyau, ranka ya daɗe, fara daga ƙasa. Ka ga takalmi? Sai an yi odarsa daga babban birni."

Don Ulises ya ɗaga kai, ya ƙara ɗagawa, har sai da ya dafe hula.

"Kai ne uban yaron nan?"

"Ni ne," in ji Nemesio, yana washe baki don daɗi.

"Duk danginku haka kuke?"

Kafin Nemesio ya gama tunani, unguwa ta karɓe. "Ai shi ne ƙaraminsu!" in ji Chichí. "Kakan yaron sai ya sunkuya yake shiga coci."

"Da ya mutu sai da aka haɗa akwati biyu," wani ya ƙara.

"Kuma a makare suke girma," in ji Cleto, yana jin daɗin yadda darasi ya zauna. "Nemesio ma yana sha shida bai kai Wilkin ba. Dare ɗaya ya miƙe. Ba yaron nan shekara biyu, sai ka hau kujera za ka yi masa magana."

Don Ulises ya mayar da agogo aljihu, ya yi ajiyar zuciya.

"Kash. Abin tausayi."

"Na'am?"

"Kecha na zo nema. Shekaruna na wasa duk a tsugune na yi su, ka ga yatsuna. Aikin nan na gajere ne mai ƙwarin cinya, wanda ƙasa ke kusa da shi. Da na ga yaron nan na ce na samu. Amma in zai miƙe ya kai wannan bawan Allah, gwiwarsa ba za ta ɗauki tsuguno ba. In na mayar da shi can ƙarshen fili, inda ake bin ƙwallo, kuma ba shi da gudu. Ba zan kai wa ƙungiya yaron da zai fi ƙarfin wurinsa ba."

Gumi ya karyo wa Cleto daga ƙarƙashin kwat.

"To, wato, ba lallai ya kai shi ba. Yaron uwarsa ya biyo. Dubi uwar, 'yar mitsitsiya."

"A'a," in ji Nemesio da ƙarfi, shi da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. "Ɗana sai ya wuce ni."

"Rufe min baki, Nemesio!"

"Kada ka yi wa uban yaro tsawa, manaja," in ji Casilda daga ƙarƙashin lema.

Ana cikin haka sai jama'a suka dare gida biyu. Fidelina ce, da jakar tafiya a hannu ɗaya, a ɗayan kuma addar fasa kwakwa da ta zaro daga amalanken mijinta. Tatica na biye da ita a baya da fuskar marar laifi, ita da ta bar suya ta je tasha takanas don ta tarbe ta da labarin.

"Nemesio! Ina ɗan? Nuna min shi! Shekara sha shida ina wanke maka riga, ashe kana da ɗa a bayan layi? Ke kuma Casilda, da ke muke zama benci ɗaya a coci!"

Nemesio, duk tsawonsa, ya yi ƙoƙarin ɓuya bayan Casilda da lemarta. Bai yiwu ba. Ya zunduma da gudu ya zagaya zango na ɗaya, Fidelina na binsa, yara na ihu suna cewa ya wuce na biyu. Don Ulises ya bi shi da kallo ya ce, "Uban ma ya fi ɗan nasa gudu."

Sannan ya yi wa mai jaka alama su tafi. "Ban san me ake yi a garin nan ba. Amma yaron da ake rigima kan wa ya haife shi, ko na kai sunansa ofis ba za su taɓa shi ba."

A nan ne Cleto ya ga abin da ya aikata tsirara. Ya ga bayan dattijon yana nufar mota, ya ga ɗansa tsaye da raga a hannu yana kallon ƙasa. Tsoro na gaske ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya ruga ya sha gaban Don Ulises.

"Ni ne ubansa! Na rantse da Budurwa Maryamu ni na haife shi! Wancan aro ne!"

Don Ulises ya juya ga jama'a. "Gaskiya ne?"

"Nemesio!" suka amsa baki ɗaya.

"Ku bari mana! Ba gwaji ba ne! Chichí, kai ne fa ka riƙe shi ranar baftisma!"

"Ni dai wani manaja ya ce ko ya zo da bakinsa kada mu yarda," in ji Chichí.

"Casilda, ki faɗa musu!"

Casilda ta juya lemarta. "Ni kaina na fara ruɗewa."

Cleto ya tsaya tsakiyar fili, hannuwa a sake. Ba wanda ya yi dariya yanzu. Sai Wilkin ya taho, sulken ƙwaurinsa na ƙara, ya ratsa ta gaban wakili ba tare da ya dube shi ba, ya tsaya gaban gajeren mutumin nan mai jiƙaƙƙen kwat, ya rusuna.

"Albarka, Baba."

Hannun Cleto ya ɗaga da kansa, wannan karon bai kai shi ƙeya ba. Ya dafa kan yaron. Sannan ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Don Ulises ya tsaya yana kallonsu gefe da gefe: wuya ɗaya, kafaɗa ɗaya, ƙafar baka ɗaya. Ya dawo a hankali.

"Kai, manaja. Tsuguna."

"Ni?"

"Kusa da shi. Ku tsuguna tare."

Cleto, wanda rabin rayuwarsa a tsugune yake yinta gefen babur yana gyaran sarƙa, ya sauka ƙasa sumul, dunduniya a dashe, baya a miƙe. Wilkin ya sauka gefensa. Kai ka ce a tukunya ɗaya aka dafa su. Abu ɗaya ne kawai bai sauka da su lafiya ba, shi ne wandon aure, wanda ya yage daga baya da wata ƙara da aka ji har zango na uku, inda Fidelina ta tsaya da adda a sama ta waigo.

Filin ya kece da dariya. Don Ulises ya yi dariya har ya cire hula yana fifita.

"Wannan ne uban da na zo gani. Da ka tsaya gefensa ka yi shiru, da tuni na gama." Ya dubi Wilkin. "Ranar Litinin ka zo makarantarmu da kayanka, za mu riƙe ka mu gwada ka. Ban yi maka alkawarin komai ba sai wurin tsuguno. Sharaɗi ɗaya: manajan nan kada ya matso ko bakin ƙofa."

"Na yi maka alkawari," in ji Casilda, tana miƙa wa mijinta lema ya rufe baya.

Ran Litinin da safe unguwa ta raka Wilkin tashar mota. Nemesio ma ya zo da kwakwa biyu na guzuri da ɗan kumburi a goshi, Fidelina na riƙe da gefen rigarsa. Cleto tuni ya warke, yana bayyana wa Chichí cewa duk abin da ya faru tsari ne, domin wakili ba ya daraja abu sai ya kusa rasa shi.

"Har da wandon?" in ji Chichí.

"Musamman wandon."

Mota ta yi hon. Wilkin ya rungumi uwarsa, ya juyo ya ce, "Albarka, Baba." Nemesio ya buɗe baki, Fidelina ta zungure shi ya rufe. Wannan karon yaron jaka ce a bayansa, bai rusuna sosai ba, sai da Cleto ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa kafin hannunsa ya kai tsakiyar kan. Ya sa masa albarka a haka, yana lilo, idonsa cike da ruwa. Ya tsaya yana kallon motar har ta sha kwanar gonar rake.

Sannan ya ja hanci, ya juyo ga jama'a.

"Kun dai gani da idonku sai da na yi ɗage. Yaron nan tsawo yake ƙarawa." Ya bugi ƙirji. "Wajena ya gado."